Yadda Mai Binciken Hijira Zai Kai Bincikensa Ga Jama'a Ba Tare Da Ya Cutar Da Waɗanda Suka Ba Shi Labari Ba

Malamin jami'a kan shafe shekaru yana zirga-zirga tsakanin sansanoni da unguwannin da baƙi ke zaune, ya yi hira da mutane, ya tara alƙaluma, ya rubuta maƙala. A ƙarshe maƙalar ta fito a mujallar da sai an biya kuɗi ake buɗe ta, da harshen da mutanen da aka yi binciken a kansu ba sa ji. Alhali kullum ana maganar 'yan gudun hijira a rediyo da zauren majalisa da Facebook, kuma da yawa daga masu ɗaga murya ba su taɓa zama da ɗan gudun hijira sun ji ta bakinsa ba. Shirun masani a irin wannan hali yana da nasa laifin.

To amma fitowar ma tana da haɗari, kuma haɗarin ba a kan masanin kaɗai yake ba. Masanin taurari in ya yi kuskure a rediyo, kunya kawai zai sha. Mai binciken hijira in ya yi sakaci da kalma ɗaya ko hoto ɗaya, wani ne can za a ƙi ba shi mafaka, ko a kai wa iyalinsa samame a ƙasar da ya baro. Saboda haka wannan jagora, ga malami ko malama ko ɗalibin digiri na uku da ya ƙudurta fitowa, ta fara ne da mutanen da suka buɗe maka ƙofa, kafin a zo kan 'yan jarida.

Mataki na farko: koma wurin waɗanda suka ba ka labarinsu

Takardar amincewar da mutum ya sa wa hannu lokacin da kuka yi hira, ta bincike ce. Ya yarda ne maganarsa ta shiga kundi ko mujalla. Bai yarda a ji muryarsa a gidan rediyo ba, bai yarda hotonsa ya yi yawo a WhatsApp ba. Duk sabuwar kafa da za ka yi amfani da ita, sai ka sake neman izini, ka kuma faɗa masa gaskiyar abin da ke tattare da ita: abin da ya hau intanet ba ka da ikon dawo da shi, kuma jami'an ƙasar da ya guje wa suna iya gani.

Ka lura da yadda ake cewa "na yarda" a sansani. Mutumin da abincinsa da takardunsa ke hannun hukumomi, in ya ga baƙo da littafi da na'urar ɗaukar murya, yakan ɗauka wakilin wata ƙungiyar agaji ne, ko mai hannu a jerin waɗanda za a kai wata ƙasa. Zai ce ya yarda don kada ya rasa wata dama. Sai ka bayyana masa ƙarara, ta bakin tafinta in akwai buƙata, cewa ba ka raba tallafi, ba ka da ta cewa a kan fayil ɗinsa, kuma in ya ƙi babu abin da zai same shi. Shi ma tafintan ka zaɓe shi da lura, domin sau da yawa ɗan cikin al'ummar ne, kuma abin da ya ji yana iya yaɗuwa.

Canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. In ka rubuta cewa wata ungozoma mai 'ya'ya huɗu, daga gari kaza, ta iso sansani kaza a shekara kaza, duk wanda ya san garin ya gane ta ko da ka kira ta da wani suna. Ka cire ko ka sassauta bayanan da ba su ne ginshiƙin hujjarka ba, kamar sana'a da yawan iyali da ainihin gari da hanyar da aka bi, sannan ka sanar da mai karatu cewa ka yi hakan. Akwai kuma wani haɗarin da masu bincike kan manta da shi. Ana yanke hukunci a kan neman mafaka ne bisa yadda jami'i ya gaskata labarin mai nema. Idan abin da ka wallafa ya saɓa da abin da ke cikin fayil ɗinsa, ko da a kwanan wata ne, ana iya kafa hujja da shi a ce maƙaryaci ne. Mutumin da shari'arsa ba ta ƙare ba, a ganina, a bar labarinsa a aljihu har sai ta ƙare.

Hoto ya fi komai tsanani. Wayoyi kan ajiye wuri da lokacin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin, don haka a goge wannan bayani kafin a tura wa kowa. Fuskar yaro kuwa, ko iyayensa sun yarda, ka tambayi kanka ko shi zai yarda in ya girma ya tarar da ita.

Bayan wannan, ka kai musu sakamakon kafin ka kai wa duniya. Ka tara waɗanda za su iya zuwa, ka faɗa musu abin da ka gano da harshensu, ka saurari inda za su ce ka yi kuskure. Naohiko Omata na Jami'ar Oxford ya yi rubutu a 2019 a kan yadda 'yan gudun hijira a wurare irin su sansanin Kakuma na Kenya suka gaji da masu bincike: a zo, a yi tambayoyi, a tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa. Duk wanda ya tafi bai waiwayo ba, ya ƙara rufe ƙofa ga mai zuwa bayansa. Kuma ko don amfanin kanka ne, wannan zama yakan tono maka kurakuran da babu wani mai duba maƙala da zai gano su.

Mataki na biyu: wa kake yi wa magana, kuma me kake son ya riƙe?

"Jama'a" ba mutum ɗaya ba ne. Jami'in ma'aikata yana son ya san abin da zai yi da kuma abin da zai ci. Ɗan jarida yana son abin da ke sabo. Mazaunin garin da aka sauke dubban baƙi yana son ya ji makomar asibiti da makaranta da aikin yi. Ɗan gudun hijira yana son ya san haƙƙinsa. Ka zaɓi ɗaya a kowace fita.

Sannan ka rubuta abin da ka gano a jimla ɗaya ko biyu, ka karanta wa wanda ba fanninku ɗaya ba, ka ce ya maimaita maka. In abin da ya maimaita ba shi kake nufi ba, laifin jimlar ne, sai ka sake ta.

A nan ne jarabawar take, domin jimla ɗaya tana ingiza mutum ya faɗi fiye da abin da ya gano. Ga misalin da duk mai wannan fanni ya sani. A 1980 mutane kimanin 125,000 suka bar tashar Mariel ta Kyuba zuwa Amurka, da yawansu suka zauna a Miami, har yawan masu neman aiki a birnin ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin ɗari cikin 'yan watanni. Masanin tattalin arziki David Card ya wallafa bincike a 1990 da ya nuna cewa hakan bai yi wani tasiri na a zo a gani a kan albashi ko rashin aikin yi na mazauna birnin ba. Daga baya wani masanin tattalin arzikin, George Borjas, ya sake duba alƙaluman, ya ce albashin maza marasa shaidar sakandare ya faɗi sosai, wasu masanan kuma suka ƙalubalanci samfurin da ya yi amfani da shi. Wanda zai fito ya ce "bincike ya tabbatar baƙi ba sa rage albashi ko'ina" ya zarce. Wanda zai ce "a wannan birni, a wannan lokaci, ga abin da aka gani, ga kuma inda masana suka saɓa" shi ne zai iya tsayawa a kan maganarsa gobe. Ka riƙa sa iyakar bincikenka a cikin jimlar kanta: ina, yaushe, su wa.

Mataki na uku: tsare bambancin matsayin doka

Wannan ba ƙwaƙwa ba ce ta malamai. Matsayin da aka ba mutum shi ke yanke ko za a bar shi ya zauna ko za a tasa ƙeyarsa, don haka mai bincike shi ne ya fi kowa cancantar ya riƙa gyara shi a bainar jama'a.

Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na a tsangwame shi kan launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, kasancewa cikin wani rukunin jama'a, ko ra'ayin siyasa. Da farko ta taƙaita ne ga abubuwan da suka faru kafin 1951, sai ƙarin yarjejeniya ta 1967 ta cire wannan iyaka. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta faɗaɗa ma'anar a 1969, ta haɗa da masu gudu saboda mamaya ko tashin hankalin da ya dagula zaman lafiyar jama'a, kuma ƙasashen Latin Amurka sun yi makamancin haka a sanarwar Cartagena ta 1984. Ke nan mutum ɗaya yana iya zama ɗan gudun hijira a ƙarƙashin dokar wata nahiya cikin sauƙi, a wata nahiyar kuma sai ya sha doguwar shari'a. In kana magana, ka faɗi dokar da kake nufi.

Mai neman mafaka shi ne wanda ya shigar da buƙata ba a yanke hukunci ba tukuna. Wanda rikici ya raba da gidansa amma bai tsallake iyaka ba, yana ƙarƙashin kulawar gwamnatinsa ne, kuma a Afirka yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a 2012, ita ce ta tanadi kare shi. Sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya hana a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 31 kuma ya ce kada a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, muddin ya zo kai tsaye daga inda ake barazana gare shi kuma ya gabatar da kansa ga hukuma ba da jinkiri ba. Waɗannan sassa biyu ka haddace su, domin za a tambaye ka a kansu fiye da komai. Haka ma bambanci tsakanin fasa-ƙwaurin mutane, inda mutum ya biya a tsallakar da shi, da safarar mutane, inda ake yaudara ko tilastawa don a ci da guminsa. Yarjejeniyoyin Palermo na 2000 sun raba su gida biyu, amma a labarai kullum ana cakuɗa su.

Sai dai a yi hattara da wani rami. Garin kare ɗan gudun hijira, wasu kan mayar da ɗan ci-rani abin zargi, kamar shi ba shi da haƙƙi. Jirgin ruwa ɗaya kan ɗauko wanda ya gudo daga yaƙi da wanda fari ya cinye gonarsa da wanda ya haɗa dalilan biyu. Ka bayyana bambancin doka, amma kada bayaninka ya zama rarraba mutane zuwa na kirki da na banza.

Mataki na huɗu: alƙaluma

A nan zan daɗe, domin a nan ne masani ya fi amfani, a nan ne kuma ya fi saurin zamewa.

Kowane adadi ka yi masa tambaya huɗu: wa ya ƙirga, me ya ƙirga, yaushe, kuma cikin nawa? Ɗauki adadin da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta bayar na ƙarshen 2024, mutum miliyan 123.2 da aka raba da muhallansu da ƙarfi. In aka faɗe shi haka tsurarsa, mai sauraro a ƙasa mai arziki sai ya zaci duk suna kan hanyar zuwa ƙofarsa. Amma fiye da rabinsu, wato miliyan 73.5, ba su ma bar ƙasashensu ba. Cikin waɗanda suka tsallake iyaka kuwa, kimanin biyu bisa uku suna maƙwabtan ƙasashe ne, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari suna ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin arziki. Haka ma masu ƙaura gaba ɗaya: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu a 2020, wato kashi 3.6 cikin ɗari na mutanen duniya. Adadin miliyoyin yana da ban tsoro, kason yana kwantar da hankali, kuma abu ɗaya suke faɗa. Ka riƙa kawo su tare. Binciken jin ra'ayin jama'a da kamfanin Ipsos ya sha yi a ƙasashe da dama ya nuna mutane kan zaci baƙin da ke ƙasarsu sun fi yadda suke yawa nesa ba kusa ba, don haka kason da ka faɗa yana iya zama abu mafi sabo da mai sauraro ya ji a ranar.

Ka kuma raba adadin waɗanda suke zaune a wuri a wata rana da adadin waɗanda suka shigo cikin shekara. Ka raba yawan tsallake iyaka da yawan mutane. A watan Oktoban 2015 hukumar tsaron iyakokin Tarayyar Turai, Frontex, ta sanar da adadin 710,000 na watanni tara na farkon shekarar. Nando Sigona na Jami'ar Birmingham ya tambaye su a Twitter ko ana ƙirga mutum sau biyu, suka amsa cewa haka ne: wanda ya shiga ta Girka, ya fita daga Tarayyar ta yankin Balkan, ya sake shiga ta Hangari ko Kuroshiya, yana iya fitowa a lissafi sau biyu. Tambaya ɗaya ce daga wanda ya san yadda ake haɗa adadin, amma ta sa hukumar ta ƙara bayani a kan sanarwarta. Irin wannan aiki shi ne ainihin amfanin masani a fili, kuma bai buƙaci ya zagi kowa ba.

Hasashe kuwa a riƙe shi da hannu biyu. A wajajen 2005 an yi ta yaɗa cewa nan da 2010 za a sami mutum miliyan 50 da lalacewar muhalli zai kora daga gidajensu. Da 2010 ta zo ba a iya nuna su ba, sai masu musun sauyin yanayi suka sami abin yi wa masana dariya. Rahoton Bankin Duniya na 2021 ya yi maganar mutum har miliyan 216 nan da 2050, amma ƙaura ce ta cikin gida yake nufi, kuma adadin na yanayi mafi muni ne cikin waɗanda aka auna. Duk wanda ya ɗauko shi ya ce "'yan gudun hijira miliyan 216 na tafe" ya yi ƙarya sau biyu, domin ba iyaka za su tsallake ba, kuma yarjejeniyar 1951 ba ta ambaci sauyin yanayi cikin dalilanta ba. Na san masu yin haka da yawa da kyakkyawar niyya suke yi, suna son a farka. Amma babban adadi mai firgitarwa ya fi saurin haifar da katanga a kan ya haifar da tausayi.

Adadin mamata ma haka. Shirin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, da ke ƙirga waɗanda suka mutu ko suka ɓace a hanyoyin ƙaura ya fara ne a 2014, kuma su da kansu suna cewa abin da suke bayarwa mafi ƙarancin adadi ne, domin gawar da ta nutse a Bahar Rum ko yashi ya binne a Sahara ba kullum ake sanin ta ba. Ka riƙa cewa "aƙalla".

Mataki na biyar: kafa da lokaci

Sharhin jarida yakan kasance tsakanin kalmomi 700 zuwa 900. Ka juya tsarin maƙala: sakamako a sakin layi na farko, hujja a tsakiya, hanyar bincike a jimla ɗaya ko biyu. Kafin ka rubuta, aika wa edita gajeren saƙo da ke faɗin abin da za ka ce, dalilin da ya sa yanzu ne lokacinsa, da abin da ya sa kai ne za ka faɗe shi. Shafin The Conversation, wanda ya fara a Ostireliya a 2011 kuma ya buɗe reshen Afirka a 2015, an gina shi ne don malaman jami'a: edita zai yi aiki da kai, kuma wasu jaridu na iya sake buga rubutun kyauta. In ma'aikatan agaji da masu tsara manufofi kake nema, mujallar Forced Migration Review ta Cibiyar Nazarin 'Yan Gudun Hijira a Oxford kyauta ake karanta ta, kuma gajerun rubuce-rubuce take ɗauka.

Lokaci yana da sauƙin shiryawa. Ranar 20 ga Yuni ita ce Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya, a cikin watan ne kuma UNHCR ke fitar da babban rahotonta na shekara. Ranar 18 ga Disamba ta masu ƙaura ce. Editoci suna neman masu magana a waɗannan ranaku, don haka ka tuntuɓe su makonni kafin nan.

Kada ka raina rediyo da saƙon murya. Mutanen da bincikenka ya fi shafa, baƙi da masu masauki, sun fi samun labari ta nan, da harsunansu. Minti biyar a tashar yanki da harshen gida kan kai inda shafi goma na turanci ba zai kai ba.

In aka gayyace ka hira, yi tambaya tukuna: kai tsaye ne ko ɗauka za a yi, minti nawa, da wa za a haɗa ka, kuma me ya jawo batun? Ka shiga da abubuwa biyu ko uku da kake son a riƙe. In aka jefo maka abin da ba fanninka ba, ka ce ba fanninka ba ne. Wanda ya yi bincike a kan ilimin yaran Siriya a Labanon ba lalle ya san dokar mafaka ta Birtaniya ba, kuma muƙamin farfesa ba ya cike wannan giɓi. Kada ka faɗa wa ɗan jarida abin da ba ka son ka gani a bugu, sai in kun yi yarjejeniya tun kafin ka buɗe baki. Kanun labari ba kai za ka rubuta ba, amma kana da damar neman a gyara in ya juya maganarka.

Idan za ka ƙaryata wata jita-jita, fara da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, ka koma kan gaskiyar. Kuma ka guji siffanta mutane da ambaliya ko mamaya, ko da mai tambayar ya yi. In ka amsa da kalmarsa, ka karɓi hoton da ya zana ke nan.

Mataki na shida: masu iko, da masu masauki

Takardar da za ka kai wa jami'in gwamnati ko ɗan majalisa kada ta wuce shafi biyu: matsalar, abin da ka gano, abin da za a iya yi, da wanda ke da ikon yin sa. Shawarar da ta ce "a inganta haɗin gwiwa" ba ta ce komai ba. Wadda ta ce a ba wa waɗanda aka yi wa rajista izinin aiki, ta kuma nuna inda aka gwada hakan, ita ake iya ɗauka. Dokar Yuganda ta 2006, wadda ta ba 'yan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, misali ce da ake yawan kawowa, amma in za ka kawo ta ka faɗi har da matsin da ƙarancin tallafi ya jefa tsarin a ciki.

Ka tuna cewa abin da ka gano a kan hanyoyin da mutane ke bi, ko inda marasa takardu ke kwana da aiki, zai yi wa mai son ya taimake su amfani, zai kuma yi wa mai son ya kama su. Kafin ka miƙa, ka karanta takardar da idon na biyun. Ɗanyen bayanan hirarrakinka kuwa ba a ba wa kowace hukuma. Ka kuma faɗi wanda ya ɗauki nauyin bincikenka tun kafin a tambaye ka, musamman in gwamnati ce da ke da buri a harkar.

Masu masauki su ne masu sauraron da masana suka fi yi wa rashin adalci. Mutumin da ya ce layin asibiti ya ƙara tsawo ko kuɗin haya ya tashi tun da baƙi suka zo, sau da yawa gaskiya yake faɗa a kan abin da ya gani, ko da ya yi kuskure a kan dalili. In ka amsa masa da cewa a dunƙule tattalin arzikin ƙasa ya amfana, ka rasa shi, domin ba a dunƙule yake rayuwa ba. Ka yarda da abin da yake gaskiya a kukansa, sannan ka nuna masa inda matsalar take: wa ya kamata ya ƙara gadaje da azuzuwa bai ƙara ba. Yarjejeniyar duniya a kan 'yan gudun hijira ta Disamban 2018 ma ta sa rage wa ƙasashe masu masauki nauyi cikin manyan manufofinta huɗu.

Mataki na bakwai: matsa gefe ka ba su wuri

Cikin 'yan gudun hijira akwai lauyoyi da malamai da 'yan jarida da shugabannin ƙungiyoyi. In aka gayyace ka taro ko hira, ka ba da sunan ɗayansu, bayan ka tambaye shi. Kada kuma a raba aikin yadda aka saba, shi ya ba da labarin wahala a yi hawaye, kai kuma ka yi sharhi. A tambaye shi ra'ayinsa a kan manufa da doka. Wanda ya taya ka tara bayanai ko nazarinsu, sunansa ya fito a matsayin marubuci in yana so kuma babu haɗari, a kuma biya shi ladan lokacinsa. Ka sa wannan kuɗi, da na fassara, cikin kasafin bincike tun daga farko, domin a ƙarshe ba a samun sa.

Mataki na takwas: abin da zai biyo baya

Za a zage ka. Batun baƙi yana tayar da jijiyoyin wuya, kuma mata da masanan da su kansu baƙi ne sun fi shan cin zarafi. Ka sanar da shugaban sashenka da ofishin yaɗa labarai na jami'a kafin babban rubutu ya fita, ka cire adireshin gida da hotunan iyali daga inda kowa ke gani, ka ajiye hoton duk wata barazana. Mai suka da hujja ka amsa masa sau ɗaya cikin mutunci. Mai zagi ba ya bin ka bashin amsa. Ka kuma san dokar ƙasar da kake aiki: a 2018, bayan Hangari ta sanya harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ayyukan da ta ce suna tallafa wa ƙaura, Jami'ar Tsakiyar Turai, wadda a lokacin take Budapest, ta dakatar da shirinta na karantar da 'yan gudun hijira. Abokan aikinka na cikin gida, waɗanda ba su da fasfon fita, su ne za su zauna da sakamakon abin da ka faɗa, don haka ka nuna musu rubutun kafin ya fita.

In aka nuna maka kuskure, gyara shi a inda ka yi shi, ka rubuta abin da aka gyara da ranar gyaran. Ka buɗe fayil ɗaya da kake ajiye kowace fita a ciki: ranar, kafar, adadin da ka ambata da inda ka samo shi, da wanda ya ba da izinin wane bayani. Alƙaluman wannan fanni suna sauyawa duk shekara, kuma wannan fayil ne zai hana ka maimaita adadin da ya tsufa.

Ka bar wa mutanen da ka yi hira da su lambar da za su same ka ko bayan aikin ya ƙare. Halin mutum yana canzawa: shari'arsa ta ɗauki wani salo, ko ya yanke shawarar komawa gida, ko gwamnatin ƙasarsa ta sauya. Ranar da ɗayansu ya kira ya ce a cire labarinsa, ka cire abin da ke hannunka a ranar, ka rubuta wa editan da ya buga ka nemi a cire ko a ɓoye bayanan da za su nuna shi, sannan ka koma ka faɗa masa abin da aka iya cirewa da abin da ya gagara.